Newcastle, garin kwal da jiragen ruwa a bakin kogin Tyne: tambayoyi da amsoshi

Da an ce Newcastle yawancinmu hankalinmu sai ya tafi kan ƙwallo, riga mai ratsin baƙi da fari da filin St James' Park, to amma fa kulob ɗin nan a 1892 aka kafa shi, jiya-jiya ke nan idan aka haɗa da garin da ya doshi shekara dubu biyu mutane na zaune a wurin. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan tarihin garin, na amsa su gwargwadon yadda na fahimta. Abu ɗaya da zan roƙi mai karatu shi ne ya sa ido a kan kogin, don kusan duk rigimar da za ka gani a nan ta wanda zai riƙe kogin ce.

Wai ina ne ma garin yake, kuma me ya sa aka zauna a nan ɗin?

A arewa maso gabashin Ingila yake, a gaɓar arewa ta kogin Tyne, kilomita goma sha wani abu kafin kogin ya faɗa teku. Tsallaken kogin kuma garin Gateshead ne, suna kallon juna. Dalilin zama a wurin mai sauƙi ne, a daidai nan kogin ya tsuke tsakanin tudu biyu, shi ne wuri mafi kusa da teku da mutanen da za su iya ɗora gada a kai, sannan idan ruwan teku ya ciko yana turo jiragen ruwa har wurin. Rumawa ne suka fara ganewa. Wajen shekarar 122 sarkinsu Hadrian ya sa aka fara gina doguwar katangar nan da ta raba tsibirin Birtaniya daga gabas zuwa yamma, kusan kilomita 117, sai suka yi gada da ƙaramin sansanin soja a nan suka kira wurin Pons Aelius, wato gadar Aelius, sunan gidan su Hadrian ɗin ne. Ƙarshen katangar ta gabas yana wata unguwa da har yau ake ce wa Wallsend, ma'anar sunan ke nan, ƙarshen katanga. Ka riƙe sunan nan za mu dawo kansa.

To sunan Newcastle ɗin fa?

Ma'anarsa sabon gidan yaƙi. A 1080 Robert Curthose, babban ɗan William wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, yana dawowa daga yaƙi da mutanen Sikotilan sai ya gina sansani na katako a kan tudun da Rumawa suka bari, aka yi ta ce masa sabo sabo har sunan ya bi garin. Sarki Henry na biyu ne ya sake gina shi da dutse a shekarun 1170, ginin na nan tsaye har yanzu. Abin dariya shi ne lokacin da aka zo shimfiɗa layin dogo a ƙarni na 19 ba su ji kunyar komai ba, ta tsakiyar harabar suka ratsa, yanzu hasumiyar tana gefe guda ƙofar shiga tana ɗaya gefen, jirgin ƙasa na wucewa ta tsakaninsu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka halin garin, in aiki ya zo tarihi ya matsa gefe.

Da yake garin na kusa da iyaka da Sikotilan an zagaye shi da ganuwa mai kauri tsakanin ƙarni na 13 da na 14, a 1400 kuma sarki Henry na huɗu ya ba shi 'yancin zama gunduma mai cin gashin kanta.

Kwal ne kawai ya yi garin?

Da farko ba kwal ba ne, ulu ne da fatu ake fitarwa zuwa Turai. Amma tun ƙarni na 13 an fara loda kwal a jirgi. Kwal dai akwai shi a wurare da yawa a Ingila, abin da ya bambanta Tyne shi ne jijiyoyin kwal ɗin sun ɓullo a kusa da gaɓar kogi, ga kuma teku a kusa. A zamanin da babu mota babu jirgin ƙasa, ɗaukar kaya mai nauyi a keken doki na 'yan kilomita kaɗan zai iya ninka kuɗinsa, amma a ruwa araha ne, shi ya sa kwal ɗin Newcastle ke isa Landan da sauƙi fiye da na wuraren da suka fi kusa da ita ta ƙasa. Mutanen Landan har kwal ɗin teku suke ce masa don a jirgin ruwa suke ganin yana zuwa. Da itacen girki ya yi tsada a zamanin sarauniya Elizabeth ta farko sai kasuwa ta buɗe gaba ɗaya. Bayan babbar gobarar Landan ta 1666 ma da harajin da aka ɗora wa kwal aka sake gina cocin St Paul's.

Kwal ɗin kuma ya jawo wasu sana'o'in, dafa ruwan teku a fitar da gishiri a Shields da ke bakin teku, yin gilashi, daga baya sinadarai da ƙarfe, duk abin da ke son wuta mai araha sai ya tare a bakin kogin.

Su wa suka ci arzikin?

Yauwa, nan ne wajen da labarin ya fi daɗi kuma ya fi ɓacin rai. Attajiran Newcastle tun farko suka ɗauka cewa kogin nasu ne su kaɗai, daga sama har bakin teku, duk wanda ya nemi ya buɗe tashar jirgi a wani wuri sai sun ga bayansa. A 1267 magajin garin da kansa ya jagoranci 'yan kasuwa suka je North Shields, ƙauyen masunta da limaman Tynemouth suka raya a bakin teku, suka banka wa gidaje wuta, laifin mutanen kawai sun fara ciniki da jiragen da ke shigowa. A 1530 aka yi doka cewa duk kaya sai a Newcastle za a loda ko a sauke. Sai kuma 1600, sarauniya Elizabeth ta ba wata ƙungiyar 'yan kasuwa da ake kira Hostmen takardar izini, ita tana karɓar sule ɗaya a kan kowane awo na kwal da aka fitar, su kuma suka yi babakere a kan cinikin gaba ɗaya. Asalinsu fatoma ne, masu saukar da baƙin fatake su haɗa su da masu kaya, a hankali suka zama su ne masu ramukan kwal ɗin, su ne dillalai, su ne kuma ke zama magajin gari suna miƙa wa juna kujera. Su suke yanke yawan kwal ɗin da za a fitar don kada farashi ya faɗi a Landan.

Masu wahalar kuwa su ne 'yan kwalekwale da ake kira keelmen. Manyan jirage ba sa iya hawowa sama sosai saboda kogin ba zurfi kuma ga tsohuwar gada ta tare hanya, to sai a zuba kwal a wani faffaɗan kwalekwale mai ɗaukar kamar tan 21, mutum uku da yaro ɗaya su tuƙa shi da doguwar sanda da filafili su bi janyewar ruwa zuwa inda jirgi yake, su kwashe kwal ɗin da shebur su jefa a cikin jirgi, wani lokaci cikin dare cikin sanyi, sannan su jira cikowar ruwa su dawo. A unguwar Sandgate suke zaune a wajen ganuwa, a cunkushe. Amma fa mutane ne masu haɗin kai da taurin kai, tun kafin a san wani abu wai shi ƙungiyar ƙwadago suke yajin aiki su tare kogin ba shiga ba fita, kuma a 1701 da kuɗin da suke cirewa daga ladansu suka gina gidan kula da tsofaffinsu da marasa lafiya, ginin na nan har yau yana kallon kogi. Ni a duk tarihin garin babu ginin da ya fi burge ni kamar wannan.

An taɓa cin garin da yaƙi?

An ci, kuma kwal ne sila. A 1640 sojojin Sikotilan suka doke na sarki Charles na farko a Newburn suka shigo garin. Da yaƙin basasar Ingila ya ɓarke Newcastle ta tsaya a bayan sarki, majalisa kuma ta toshe bakin kogin da jiragenta, sai ga Landan ta shiga sanyi babu abin hura wuta. A 1644 'yan Sikotilan suka dawo a matsayin abokan majalisa suka yi wa garin ƙawanya na watanni, suka fasa ganuwa da albarushi suka shiga a watan Oktoba. Daga 1646 zuwa farkon 1647 a garin aka tsare shi kansa sarki Charles. Duk wannan kuma ya zo ne 'yan shekaru bayan annobar 1636 da ta kashe dubban mutane a garin.

Da gaske ne a nan jirgin ƙasa ya samo asali?

In ka ce nan kaɗai za a yi maka gardama, don Richard Trevithick mutumin Cornwall ya riga kowa ɗora injin tururi a kan dogo. Amma wurin da abin ya girma ya zama sana'a, nan ne. Da kwal ɗin bakin kogi ya ƙare sai ramuka suka yi nisa, sai aka riƙa shimfiɗa dogo na katako doki na jan keken kwal har bakin ruwa, tun ƙarni na 17 ake haka. George Stephenson a ƙauyen Wylam aka haife shi a 1781, a wani gida da irin wannan dogon ya wuce ta ƙofarsa, bai iya karatu ba sai da ya kai kusan shekara 18. A 1814 ya haɗa injinsa na farko a ramin kwal na Killingworth. A 1823 shi da ɗansa Robert da abokan hulɗarsu suka buɗe masana'antar ƙera kan jirgin ƙasa a Newcastle, ta farko irinta a duniya, daga nan Locomotion ya fito wanda ya ja jirgi a layin Stockton zuwa Darlington a 1825, daga nan Rocket ya fito wanda ya lashe gasar Rainhill a 1829. Faɗin dogon da suka yi amfani da shi, milimita 1,435, wanda suka gada daga kekunan kwal, shi ne yau fiye da rabin layukan dogo na duniya ke kai. Robert ɗin ne kuma ya zana gadar High Level da aka buɗe a 1849, jirgin ƙasa a sama, kekuna da mutane a ƙasa.

Yaya rayuwar masu haƙar kwal ɗin take?

Wahala ce tsagwaronta, har da yara ƙanana a cikin rami kafin dokar 1842 ta hana mata da yara 'yan ƙasa da shekara 10 shiga. Iskar gas da ke taruwa a rami in ta haɗu da kyandir sai fashewa, a Felling a 1812 mutum 92 suka mutu lokaci guda, abin da ya sa aka duƙufa neman fitilar da ba ta tayar da wuta, Humphry Davy ya fito da tasa, Stephenson ma ya fito da tasa a 1815. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne na Hartley a watan Janairun 1862, ƙaton ƙarfen injin zuƙe ruwa ya karye ya faɗa cikin ramin ya toshe shi, ramin kuwa ƙofa ɗaya gare shi, mutum 204 manya da yara suka mutu a ƙasa ana ta haƙa ba a kai gare su da wuri ba. Sai bayan nan aka yi dokar cewa dole kowane rami ya kasance da mafita biyu. Haƙa rami na biyu kuɗi ne, shi ya sa masu shi ba su yi ba tun farko, ba wai ba su san haɗarin ba ne.

Na ji an ce kogin ya kusa toshewa?

Ƙwarai. Hukumar garin ta shekara ɗaruruwa tana karɓar kuɗin kogi ba ta gyara shi, jiragen da suka dawo babu kaya suna zubar da yashi da duwatsun da suka ɗauko don daidaita nauyi, har ta kai a wasu wuraren in ruwa ya janye mutum zai iya tsallakawa da ƙafa. Sai a 1850 aka ƙwace kogin daga hannun Newcastle ita kaɗai aka kafa hukumar gyaran Tyne da sauran garuruwan bakin kogi a ciki. Suka yashe shi, suka kwashe tsibiran tsakiya, suka gina dogayen katangu biyu a bakin teku. Tsohuwar gadar da ambaliyar 1771 ta cinye an maye ta da wata ta dutse, ita ma gajera ce tana tare jirage, sai aka rushe ta aka sa gada mai juyawa a 1876, ta buɗe jirgi ya wuce ta rufe. Daga nan sana'ar 'yan kwalekwale ta mutu murus, don jirgi na zuwa har ƙarƙashin dandamalin katako a zubo masa kwal kai tsaye.

Ina maganar ƙera jiragen ruwa?

Bayan gyaran kogin ne abin ya tashi da ƙarfi. A 1852 kamfanin Palmer a Jarrow ya ƙera John Bowes, jirgin dakon kwal na ƙarfe mai injin tururi, yana zuwa Landan ya dawo cikin kwanaki kaɗan alhali masu tafiya da iska sai sun jira yanayi. William Armstrong, lauya ne fa asalinsa, ya buɗe masana'anta a Elswick a 1847 yana yin injinan ɗaga kaya masu aiki da ƙarfin ruwa, daga baya ya koma manyan bindigogi da jiragen yaƙi yana sayar wa duk ƙasar da ta zo da kuɗi, wasu daga cikin jiragen da Japan ta doke Rasha da su a 1905 a nan aka ƙera su, kuma shi ya yi injin gadar nan mai juyawa don jirage su iya isa ƙofar masana'antarsa. Charles Parsons ya ƙirƙiro injin tururi mai juya fanka a 1884, ya sa shi a wani siririn jirgi mai suna Turbinia, a 1897 ya kutsa cikin faretin jiragen yaƙin sarauniya Victoria ba gayyata, aka bi shi aka kasa kamawa, talla ke nan. Irin injin nan ne har gobe ke juyawa a yawancin tashoshin wutar lantarki. Joseph Swan kuma ya nuna ƙwan lantarkinsa a garin wajen 1880, lokaci ɗaya da Edison na Amurka, har daga baya suka haɗa kamfani.

A Wallsend ɗin nan da Rumawa suka ƙare katangarsu, nan kamfanin Swan Hunter ya ƙera Mauretania da aka saka a ruwa a 1906, ya riƙe kambun saurin tsallaka tekun Atilantika kusan shekara 20. Carpathia, jirgin da ya kwashe waɗanda suka tsira daga Titanic a 1912, shi ma nan aka yi shi.

Duk wannan arziki, garin ya yi kyau ke nan?

Sama ta yi kyau, ƙasa kuwa sai a hankali. A shekarun 1830 Richard Grainger da John Dobson suka gina tsakiyar gari da dutse, titin Grey har yau ana sa shi cikin mafi kyau a Ingila. Amma a lungunan bakin kogi mutane na kwana a cunkushe suna shan ruwan da ake zuba ƙazanta a ciki, kwalara ta 1853 ta kashe sama da mutum 1,500. Shekara ɗaya bayan nan, ranar 6 ga Oktoba 1854, wuta ta tashi a wata masaƙa a Gateshead ta kama rumbun sinadarai, ya fashe, garwashi ya tsallaka kogi ya cinye gaɓar Newcastle, mutum 53 suka mutu.

Akwai Musulmi a tarihin wurin?

Akwai, kuma sun daɗe. Tun ƙarshen ƙarni na 19 matuƙan jirgi 'yan Yaman, waɗanda yawanci ta Aden suke shiga aikin zuba kwal a tukunyar jirgi, suka fara zama a South Shields a bakin kogin, suka auri matan garin suka hayayyafa. Sun sha tsangwama musamman da aiki ya yi ƙaranci, an yi tarzoma a 1919 da 1930. A 1977 ɗan damben nan Muhammad Ali ya ziyarci garin, aka sa wa aurensa albarka a masallacin Al-Azhar na South Shields.

Me ya kashe masana'antun?

Ba rana ɗaya suka mutu ba. Lokacin da sarki George na biyar ya buɗe babbar gadar Tyne a 1928, wadda kamfanin Dorman Long ya gina, kamfanin ne kuma ya gina ta Sidni a Ostireliya, tuni kasuwa ta fara ja da baya. Bayan yaƙin duniya na farko ƙasashen da ke sayen kwal da jirage sun koma yin nasu, jirage kuma suka fara komawa mai. Da tattalin arzikin duniya ya karye sai masu ƙera jirage suka haɗa wani kamfani aikinsa kawai ya sayi wuraren ƙira ya rufe don rage gasa, a 1934 ya rufe na Palmer, garin Jarrow kuwa kusan kowa a nan yake ci. A watan Oktoban 1936 mutum 200 suka taka da ƙafa daga Jarrow zuwa Landan, kusan kilomita 470, tare da 'yar majalisarsu Ellen Wilkinson, suka kai takardar koke, firaminista Stanley Baldwin ya ƙi ganinsu, suka dawo a jirgin ƙasa hannu rabbana. Abin da ya dawo da aiki shi ne shirin yaƙin duniya na biyu, abin takaici.

Bayan yaƙin gwamnati ta karɓi ramukan kwal a 1947, aka ɗan farfaɗo, sai Japan da Koriya ta Kudu suka zo da manyan wuraren ƙira na zamani masu araha, su kuwa na Tyne kogin ya matse su kuma ba a zuba kuɗin sabunta su ba. Yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985 ya ƙare da faɗuwarsu a hannun gwamnatin Margaret Thatcher, ramuka suka yi ta rufewa, na ƙarshe mai zurfi a yankin, Ellington, ya rufe a 2005. Swan Hunter ya daina ƙera jirgi wajen 2006, manyan injinan ɗaga kayansa aka kwance aka sayar wa Indiya.

Me ya sa ake ce wa mutanen garin Geordie?

Sunan George ne aka lanƙwasa. Wasu sun ce don garin ya goyi bayan sarki George lokacin tawayen 1715 da 1745, wasu sun ce daga fitilar George Stephenson ne da masu haƙar yankin suka fi so a kan ta Davy.

Yanzu da me garin ke rayuwa, kogin kuma ya yake?

Jami'o'i biyu, asibitoci, ofisoshin gwamnati, yawon buɗe ido, da ayyukan injinan wutar iska na cikin teku a wasu tsofaffin wuraren ƙira. An buɗe jirgin cikin gari na Metro a 1980, gadar Millennium mai karkatawa a 2001, tsohon injin niƙan fulawa na Baltic ya zama gidan zane-zane a 2002. Kulob ɗin ƙwallon kuma asusun zuba jarin Saudiyya ya saye mafi yawansa a 2021. Sai dai unguwannin da suka dogara da ƙira irin su Elswick da Walker har yanzu suna cikin masu fama da talauci a Ingila, gyaran bakin kogi bai hau tudu ya same su sosai ba.

Kogin kuwa a shekarun 1950 ya zama tamkar kwata, kifi ya kusan ƙarewa, da aka gina matatar ƙazanta a Howdon masana'antu kuma suka rufe sai kifin salmon ya dawo, yanzu Tyne na cikin kogunan da aka fi kama shi a Ingila, tsuntsayen teku kuma suna sheƙa a jikin babbar gadar. Turawa na da wata magana tun ƙarni na 17, in mutum ya yi aikin banza sai su ce ya kai kwal Newcastle. A shekarun 2000 tashar jiragen Tyne ta koma sauke kwal daga ƙasashen waje, har da na Rasha, ana lodawa a jirgin ƙasa zuwa tashoshin wutar lantarki.